Kyauta Mai Ɗinka Inuwa

A Ɗanzomo in ka tambayi gidan Kyauta matar Ubale, sai an ɗan yi tunani. Amma in ka ce gidan Mai Rumfa, kowa zai nuna maka ƙofar.

Tela ce tun tana budurwa, a hannun gwaggonta ta koya, kuma da keken ɗinkinta aka kawo ta ɗakin miji. Shekara ashirin tana taka keken nan a gindin darbejiyar da ke tsakar gidansu. Nan ake tsefe kai, nan ake ɓarar gyaɗa, nan surukarta Iya Yelwa ke shimfiɗa tabarma tana jan carbi. Sai wata shekara iskar hadarin farko ta tumɓuke bishiyar. Ba wanda ya ji ciwo, amma gidan ya koma kamar tanda. Da rana ta take, ƙasa ba ta takuwa, ɗaki mai rufin kwano kuma ba ya zaunuwa.

Ubale manomin gero da riɗi ne. Ya ce a bari kaka ta yi, ya samu kara ya kafa rumfa.

"Malam, kafin kaka ai mun soyu," in ji Kyauta.

Ta buɗe adaka ta zaro tsofaffin zannuwanta shida, ta jona su, ta sa igiya a kusurwa huɗu, aka ɗaure daga katanga zuwa katanga. Inuwa ta sauka. Iya Yelwa ta fito da tabarmarta, ta ɗaga kai ta ce, "Wancan mai furanni ba shi na saya miki da haihuwar fari ba? To madalla, yau ya yi mana rana."

Kwana tara ana jin daɗi, sai ruwa ya sauko. Rumfar ta tara shi a tsakiya, ta yi ƙaton ciki. Ubale ya dawo daga gona, ya sa sanda ya zungura don ya zubar, ɗinkin ya ɓalle, ruwan ya juye masa kaf. Ya tsaya tsamo-tsamo da sanda a hannu. Kyauta ta so ta ce sannu, dariya ta ci ƙarfinta. Shi ma bai san lokacin da ya fashe da ita ba.

Daga nan ta gane aikin. Ranar Alhamis ta aike shi kasuwar Maigatari ya sayo yadi mai kauri. Ta ninka bakinsa sau uku, ta ɗinka zobban ƙarfe, ta ce a ɗaure gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo don ruwa ya gangare. In hadari ya haɗo da iska, a kwance ƙulli huɗu a naɗe.

Maƙwabciyarta A'i mai ƙosai ce ta fara cewa a yi mata. Sai ranar sunan jikar Kyauta, wata baƙuwa daga Gagarawa Tasha ta ɗauki hoton rumfar da waya, ta yi ta nuna wa mutane. Kafin azumi aiki ya fara zuwa har daga Gumel, wurin ma'aikata masu gidan siminti da ba bishiya. Ubale ke zuwa awo da ɗauri, ita kuma abin da take fara tambaya ɗaya ne: "Ina rana ke faɗuwa a gidan da azahar?"

Yanzu matan aure uku ke koyo a hannunta. Bara wata malamar makaranta da aka yi wa rumfa, Lauratu, ta matsa sai Kyauta ta zo Gumel ta ga aikinta da idonta. Ta je. Aka zaunar da ita ƙarƙashin shuɗiyar rumfa mai faɗin tsakar gida, aka kawo fura mai sanyi, tsohon gidan na ta sa mata albarka. Ta sha ta yi hamdala, idonta na sama. Can ta hango wani ɗinki da ya ɗan karkace a kusurwa.

"Malama, ba ki da allura a kusa?"

Lauratu ta riƙe mata hannu tana dariya. "Wallahi Yaya, yau ba za ki yi aiki ba. Ƙara furar nan."

Ta ƙara kuwa, har ludayi uku.