Bara'atu da Gyambon Tarwaɗa

Tun tana ƙarama a Yelwa, Bara'atu ba ta iya zama wuri guda. Mahaifinta, Malam Ɗangana, masunci ne. In ya aike ta kasuwa, sai an bi sawunta har bakin kogi. Da ta girma ma halin bai sauya ba. Ta fara karatun jinya ta bari, ta koyar a firamare a Shanga ta bari, daga ƙarshe ta samu aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a, inda ake rainon bakteriya a faranti.

A can ta san filasmid, wani ɗan zoben DNA da ido ba ya gani. Ana yanka shi, a liƙa masa guntun da ake son bincika, a cusa shi cikin bakteriya. Kafin gobe kowace ƙwaya ta yi ɗaruruwan irinsa. Saurin nan ne ya riƙe ta.

Wata damina, tarwaɗar da mahaifinta ya fara kiwo a Wara ta kama yin gyambo tana mutuwa. Bara'atu ta zo, ta zuba matattun a kula, ta danne da ƙanƙara.

"Mushe za ki kai birni?" in ji Inna. "Ki zamna ki ci tuwo mana."

"In na zamna ƙanƙarar za ta narke, Inna."

Karon farko aka ɗauke wuta, firiza ta saki, komai ya lalace. Da ta sake, farantin ya fito shuɗi duka, alamar guntun DNA da ta ciro daga gyambon bai shiga filasmid ba. Ta yi ta kai da komo, har direbobin tasha suka san kularta. Ran nan sai ga fararen ɗigo cikin shuɗin, alamar guntun ya shiga. Ta aika aka bincika, aka gano ƙwayar cutar: irin wadda ke yaɗuwa in ruwa ya gurɓata, kifi ya yi cunkoso.

Ta kira gida ta gaya wa mahaifinta.

"Ai na yashe tafkin, ɗiyata," in ji Malam Ɗangana. "Na koma noman shinkafa."

Ta ce, "Baba, kifin maƙwabcinka Habibu fa?"

"Yana nan, yana ta mutuwa."

Washegari ta hau motar Wara. Habibu ya rage kifin, ya riƙa sauya ruwa kamar yadda ta ce, rabi ya tsira. Ya ware mata manya biyu, amma da ya kai gidan, Inna ta ce ta wuce Ngaski, an gaya mata can ma gyambon ya ɓulla.