Ranar da Taubashiyata Ta Kira Ni Yaya

Assalamu alaikum Edita, da ku masu bibiyar wannan shafi. Ni mutumin Kazaure ne, malamin gona, kuma lokacin da abin nan ya fara ban daɗe da haura arba'in ba. Aikina yawo a kan babur, yau ina Roni gobe ina Gwiwa. A da siriri ne ni, irin wanda idan hadari ya taso maiɗakina kan ce in riƙe ƙyaure kada a tsince ni a Ɗambatta. Ba ni da wata kadara sai baki. Duk majalisar da na zauna sai an tashi ana riƙe ciki, kuma na saba mayar da komai raha.

Daga takalmi abin ya soma. Wanda na saya da ƙaramar salla ya matse ni kafin babba, na zagi kamfanin na sayi na gaba da shi, shi ma ya bi sahu. Zoben azurfata ya nutse a yatsa har sai da maƙeri ya yanke shi. Hulata ta koma zama a tsakar kai kamar an rufe randa da murfin kofi. Haƙorana suka fara ba juna wuri, na wayi gari da wushirya bayan na aurar da 'ya. Haɓata ta turo gaba, hancina ya baje, muryata ta koma ta gangar noma. Minshari kuwa, maƙwabcina ya taɓa tambayata ko injin niƙa na sa a gida. Duk wannan bai zo rana ɗaya ba, shekaru ya ɗauka yana rarrafe, shi ya sa waɗanda muke kwana mu tashi tare ba su ga komai ba. Abokai suka ce jikin hutu ne, na samu wuri. Ni kuma na karɓe zancen na ƙara masa gishiri, ina cewa Allah ne ya ga an cuce ni a rabon jiki yake biyana bashi. Ciwon kai da gumi da suka dame ni na ɗora wa rana. Da aka ce ina da hawan jini, daga baya aka ce da suga, na karɓi magunguna na ce ai ciwon manya ne, na shiga sahu.

Kun san halinmu. Ƙani ba zai dubi yayansa ya ce fuskarsa ta canza ba, suruki ba zai faɗa ba, yaran ofis ba za su faɗa ba. Mutum ɗaya al'ada ta ba lasisin ya faɗa maka komai a kan idonka, shi ne taubashi. Ni tawa taubashiyar 'yar ƙanwar mahaifina ce, tana aure a Babura, kuma sai a yi shekara ba mu haɗu ba sai a biki ko suna. Tun muna yara kowa ke cewa ɗaya bawansa ne, ban taɓa jin ta kira ni da wani suna ba sai bawana. Da yake ba kullum take ganina ba, ita ce ta fara lura. Wata haɗuwa ta ce hannuna ya zama faranti, na ce don in ji daɗin marin bayi ne. Wata haɗuwar ta ce wannan kan nawa a kai shi asibiti a auna, na ce ilimi ne ya yi masa yawa, abin da gidansu ba a sani ba. Jama'a na dariya, ni ina jin na ci wasa. Ashe baiwar Allah gaskiya take faɗa, amma ta faɗe ta a bakin da ba a ɗaukar maganarsa da nauyi.

Sai idona ya fara. Ba dishi-dishi ba, gabana ina gani tar, gefe da gefe ne duniya ta fara tsukewa kamar ina leƙe ta cikin bututu. Sau biyu amalanken shanu yana fito min daga gefe a hanyar Roni ban gan shi ba sai da na ji hucin sa a kunnena. Na dawo majalisa na ba da labari, aka sha dariya, ban gaya wa kowa cewa gabana ya faɗi ba. Idon nan da shi nake hawa babur, da babur nake ciyar da gida.

A wani suna a Gwiwa muka sake haɗuwa. Ina zaune a zaure ina zuba, ta zo ta gefen damana ta miƙo min kwanon fura. Ta daɗe tsaye da hannu a miƙe, ni ban san da mutum a wurin ba, sai da wani ya taɓa ni. Na juyo na fara shirya mata baƙar magana, sai na ga ba ta dariya. Ta ajiye kwanon ta koma ciki. Da aka watse ta aiko a kira ni soro, na same ta ta rage tsawo kamar mai gaida surukinta. Ta ce, "Yaya, yau ba wasa na zo yi ba. Wannan ba fuskar da na sani ba ce, kuma ɗazu ba ka gan ni ba. Don girman Allah ka je a duba ka." Duk zagin da ta yi min shekara da shekaru bai taɓa tsorata ni ba, amma Yayan nan ya sa na kama hanyar asibiti.

Daga asibitin garinmu aka tura ni Kano. Likitan ya dubi hannuna, ya nemi tsohon hotona, aka ɗebi jini, aka ba ni ruwan suga na sha aka sake ɗiba, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Sannan ya zaunar da ni ya yi min bayani. Ya ce a ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai bayan idanu, akwai wata 'yar halitta da ba ta wuce ƙwayar wake ba, suna kiranta fitiyutari. Ita ke aika sinadarai cikin jini tana ba sauran sassan jiki umarni, na maƙogwaro da na saman ƙoda da na haihuwa, har da ruwan nonon mai jego. Cikinsu akwai sinadarin girma, wanda kan je hanta, hanta ta saki wani da ke sa ƙashi da tsoka su ƙaru. A yaro shi ke sa tsawo, idan ya yi kaɗan yaro ya tsumbure, idan ya yi yawa ya zarce kowa. Amma babba bakin ƙasusuwansa ya riga ya rufe, ba hanyar tsawo, sai abin ya koma faɗi: hannu, ƙafa, haɓa, harshe, har zuciya. Ni ƙari ne ya fito min a wurin, ba na daji ba, yana ta ambaliyar sinadarin, shi ya jawo sugan da hawan jinin, kuma da ya girma sai ya danne jijiyoyin ido da suka gifta ta samansa. Na ce wato ni da nake hana manoma zuba taki fiye da kima, ni ake ta zuba wa buhu-buhu. Ya yi murmushi, ya ce da na ƙara jinkiri da idon ya tafi ba dawowa.

Ta hanci aka shiga aka ciro shi, na ce dama an faɗaɗa musu hanya. Gumi ya tsaya, ciwon kai ya tafi, yatsuna suka saki, injin niƙa ya rage aiki. Idon hagu ya dawo sosai, na dama ya bar wani yanki da har yau ba na gani, don haka yanzu ɗana ke tuƙa ni. Ƙashi kuwa ba ya komawa, haɓar nan da ita za a binne ni. Ina zuwa awon jini lokaci-lokaci. Da taubashiyata ta zo dubiya ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙare min kallo, ta ce, "Bawana, ashe munin naka na gado ne, ba na ciwo ba." A ranar na tabbata na tashi.

Na yi ta tunani a kwance. Raha ni'ima ce, ban kuma daina ba, amma na gane na daɗe ina ɓuya a bayanta don kada in ji tsoro, kuma yankin idon da na rasa nan ya tafi. 'Yan'uwa, babban mutum ba ya sake girma. Idan takalminka da zobenka da hularka suka haɗa baki suka matse ka, ko yaronka ya tsaya cak sa'anninsa suna wuce shi, kada ka tsaya ana dariya, ka je a duba. Wanda kuma ya ga canji a jikin ɗan'uwansa ya cire kunya ya faɗa masa a natse. Abokin wasanka kuwa, idan ya maimaita tsokana ɗaya shekara da shekaru, ka saurare shi tun yana dariya, kada ka bari sai ya durƙusa ya kira ka Yaya.