Lambun da Na Zana da Toka

Tarihin 'yan Adam, in aka ɗebe yaƙe-yaƙe da annoba da sauran ƙananan abubuwa, gardama ce guda ɗaya a kan inda za a tsayar da bango. Na karanta labarin manyan dauloli a makaranta, har na koyar da shi, amma ban fahimce shi ba sai shekarar da aka ba ni fili a Zongon Yendi, ana dab da Turawa su koma yaƙinsu na biyu.

Lokacin ina ticha, muna zaune ni da mahaifiyata a ɗakunan aro. Daga Salaga muka taso bayan rasuwar mahaifina, gidanmu na can kuwa ba a daɗe ba ruwa ya mai da shi tudu. Abu ɗaya na tsira da shi: wani ɗan lemun tsami da na tono a gindin uwarsa, a bakin rijiyar da mahaifina yake alwala. Na sa shi a fasasshiyar tukunya, na rungumo shi a bayan mota har Yendi. Tukunyar ta yi masa kaɗan, ganyensa ya fara zama ruwan ɗorawa. Ko dai ya shiga ƙasa kafin damina ta wuce, ko in rasa abin da ya rage mini na gidan ubana.

Saboda haka tun kafin in san inda zan kwana, na san inda lemon zai zauna. Ɗan lambu a kusurwar gabas, lemo a tsakiya, lalle a gefe, da 'yan furanni. Sai baranda mai faɗi tana kallonsa, irin ta gidajen Turawa, wadda za ta ɗauki kujera da tebur da mutum mai tunani. A wurinmu ba a zana gida a takarda, da toka ake zana shi a kan filin kansa, magini ya bi layi ya tona. Na yini ina zuba toka ina ja da baya ina dubawa. Na manta cewa toka tana da aibu ɗaya: duk mai ƙafa yana iya gyara ta.

Ƙafar farko ta Baffa ce, ƙanen mahaifina. Ya zo daga Salaga wai zai sa albarka ya juya, har aka yi jinka bai juya ba. Ya shiga tsakiyar barandata ya tsaya, ya dubi gabas ya dubi yamma.

"Ticha, nan fa? Filin Idi ne?"

"Baranda ce, Baffa."

"Me ake yi a cikinta?"

"Zama."

"Su wa?"

"Ni."

"Kai kaɗai? Ba ka da lafiya ne?"

Na fara yi masa bayanin iska da haske, yadda yake a littafin kiwon lafiya. Ya bar ni na gama, sannan ya tambaye ni inda baƙin ubana za su sauka. Mahaifina mai masauki ne. Fataken Bawku, masu shanu da albasa, a gidansa suke kwana idan sun zo Salaga, kuma a wurinmu baƙo gado ne, kamar gona. Uba ya mutu, baƙinsa sun zama na ɗansa, ko ɗan ya san farashin saniya ko bai sani ba. Yendi kuwa a kan hanyarsu take.

"Amma ni ba na dillanci, Baffa."

"Su ma ba karatu za su zo ɗauka ba. Kwana za su yi."

Ya sa diddige ya share layina, ya ja wani da sandarsa. Zaure ya ƙaru, ɗakin baƙi ya tsiro a gefensa, rabin barandata ya tafi Bawku.

Ƙafa ta biyu ta Inna ce. Ni ɗan fari ne, don haka ba ta kama sunana, ba ta ma cika yi mini magana kai tsaye ba. Ina tsaye a gabanta ta dubi Baffa ta ce, "A tambayi mai littafi, a ina za a dafa abin da zai ci yana zaman?"

Na nuna mata madafa. Ta ce nan hayaƙi zai bi baƙi har cikin hanci. Aka matsar da madafa. Sai ga shi rumbu ba shi da wuri, turmi ba shi da inuwa, shanya ba ta da rana. Kowanne aka nemi inda za a sa shi, ido sai ya koma kan baranda, kamar naman da aka bari a faifai. Daga nan ta tsaya a kusurwar gabas.

"Nan kuɓewa za a shuka, ko yakuwa?"

"Lemon Baba ne, Inna. Da furanni."

Jin an ambaci mahaifina, sai ta ce wa Baffa, "Lemon na ji. A tambaye shi, furen nan miyar me ake yi da shi?"

A nan na yi abin da manyan sarakuna suka yi a littattafan da nake koyarwa: na ba da lardi don in riƙe birni. Na ce su ɗauki baranda yadda suka ga dama, amma kada ƙafar kowa ta taɓa tokar lambu. Suka yarda da saurin da ya kamata ya ba ni tsoro. Da aka gama gini, abin da ya rage na baranda wani ɗan dakali ne wanda in na zauna a kansa, bayana yana cikin gida, gwiwoyina suna shan ruwan sama. Tebur kuwa, na ba makaranta aronsa.

Amma lambu na nan, cif yadda na zana shi. Kuma da yake na san awakin Zongo ba su san iyakar kowa ba, sai na kewaye shi da danga ninki biyu, na cusa ƙaya a tsakani, na sa masa ƙofar katako mai sakata. Baffa yana kallona yana cin goro, yana cewa ko kurkukun Bature bai kai wannan tsaro ba. Na fasa sauran tukunyar, na sa lemon a ƙasa. Ba a jima ba ya fid da sabon ganye, kore shar, mai ƙamshin bakin rijiyar nan ta Salaga. Kullum da safe, kafin in tafi makaranta, sai in zauna a dakalina, gwiwa a waje, in dube shi ta saman danga. Na ɗauka na ci yaƙi.

Sai babban baƙon mahaifina ya sauka daga Bawku. Dattijo ne mai kirki, ya ɗauke ni ina goye. Ya yaba zaure, ya yaba ɗakin baƙi, ya yi wa mahaifina doguwar addu'a. Sannan ya sa aka jawo wani farin rago mai ƙaho.

"Ɗana, kyautar shiga sabon gida ce. A kiwata shi. Da Babbar Sallah ina hanya, a nan zan ci rabona."

Kyautar baƙon uba ba a mayar da ita, ba a sayar da ita, wannan kuma an riga an yanke mata ranar yanka, da sauran watanni a gaba. Na yi godiya, na ɗaure ragon a tsakar gida, na tafi makaranta.

Abin da ya biyo baya, labari aka ba ni. Ragon ya tsinke igiya ya afka wa dawar da Inna ta shanya. Aka kore shi, ya shiga zaure ya fara da tabarmar baƙi. Baffa da Inna, waɗanda tun aurenta ba su taɓa haɗa baki a kan komai ba, suka dubi gidan kaf, suka ga wuri ɗaya ne tak yake da danga da ƙofa da sakata.

Na dawo bayan azahar na tarar da Baffa zaune a dakalina.

"Ticha, na janye maganata. Boko bai tashi a banza ba. Duk Zongon nan babu turke mai kyan wannan. Ya yi ta tunkuyi, ko gezau."

"Baffa, lambu ne. Don kada dabba ta shiga na yi dangar."

"To ai ba ta fita ma."

Na buɗe ƙofar. Ragon yana kwance a tsakiya yana tuƙa, kusa da wani ɗan tsinke da bai kai tsawon yatsa ba. Daga madafa na ji muryar Inna, a hankali, tana cewa a gaya wa mai littafi ta manta da lemon, wallahi ta manta. Wannan shi ne karo na farko da na ji ta ba wani haƙuri, kuma ko shi ta hannun Baffa ya zo.

Na ci gaba da yi wa tsinken ban ruwa har damina ta ɗauke. Bai tofo ba. Da Babbar Sallah dattijon ya zo kamar yadda ya ce, aka yi shimfiɗa a zaure, kowa ya ci. Naman ya yi daɗi.