Hannuna a Hannun Onarabul

Wautata a tafiyar nan ɗaya ce: na nace sai na sa sabon kaftanin da tela bai buɗe wa aljihu ba. Ga wanda bai san ni ba, an haife ni da ciwon ƙashi na gado, irin wanda ba kasafai ake gani ba. Ƙasusuwana biskit ne; ko atishawa zan yi sai na nemi izinin haƙarƙarina. Shi ya sa kullum hannuna yana aljihu, kada wani ya cafke shi da sunan musabaha.

Gida zuwa Abuja

Mun tashi kafin asuba ni da Baba, za mu asibiti a Dubai, an ɗora ni kan matasai a gidan gaba kamar kiret ɗin ƙwai. A shingen farko ɗan sanda ya leƙo.

“Alhaji, me ke damun yaron?”

Baba ya yi bayani.

“Ku kai shi wajen mai ɗori mana. Ko kuwa iska ce?”

Mai ɗori! Wanda ya taɓa jan ƙafata ya gyara karaya ɗaya, ya ba ni gyaran biyu. Irin wannan ne ya sa Baba da wasu iyaye suka yi ta zarya har aka kai ƙuduri majalisar jiharmu: a riƙa bayanin ciwon a rediyo, a koya wa masu ɗori da ma'aikatan asibiti gane shi. Aka yi karatun farko, ƙuduri ya shiga kwamitin lafiya ya kwanta barci. Shugaban kwamitin kuwa, kullum Baba ya je sai a ce Onarabul ya yi tafiya.

Dubai

Muna fitowa daga filin jirgi zafi ya mare ni, na ɗauka gidan burodi muka sauka. Kawu Sale, ƙanin Baba mai aikin kago, wato jigilar kaya, ya kai mu masauki a Al Buteen, ɗakin da in Baba ya yi miƙa sai na fita. Muka ci biryani, yaji ya gaisa da kakannina.

Washegari a asibiti muka tarar da wata nas 'yar Kafanchan, Anti Rahila. Kafin ta taɓa ni ta ce, “Ƙanena, ta ina zan riƙe ka?” Na kusa kuka. Tunda nake, babu wanda ya taɓa yi min wannan tambaya sai Mama.

Deira

Ana jibi za mu koma Kawu ya shigo da gudu.

“Yaya, yalla, taso! Onarabul ɗinku yana wajenmu, ana loda masa kwantena.”

Ashe nan ne tafiyar! Wai ziyarar nazarin harkar lafiya ya zo. Muka garzaya shagon a kasuwar Deira, na ga nazarin da idona: kujerun falo, fitilu masu lilo, da turaren da zai wanke jiharmu kaf.

Baba ya rusuna. “Ranka ya daɗe, maganar ƙudurin nan ce. A taimaka a fito da shi karatu na biyu.”

“Wanne? Na sikila?” Idonsa na kan waya.

“Ba sikila ba ce, ranka ya daɗe. Ga yaron ma.”

“Ai duk ɗaya ne, habibi. Kai, ɗauke mu hoto!”

Ya miƙo hannu. Na lalubi aljihu, na ji shi a ɗinke. Kuma a inda na tashi, babba ba ya miƙo hannu yaro ya bar shi a iska. Na ba shi, har da dafa gwiwar hannu don ladabi. Ya damƙe, ya girgiza irin girgizar kamfen.

Ƙas!

Na tabbata masu abra, kwale-kwalen Dubai, a bakin ruwa sun ji. Onarabul ya saki hannuna kamar garwashi.

“Wallahi ban matsa ba! Wane irin yaro ne wannan?”

“Irin na cikin ƙudurin, ranka ya daɗe,” na ce, hawaye na zuba.

Baba, wanda ko akuya ba ya yi wa tsawa, ya miƙe tsaye sosai. “Da ka karanta abin da ke kan teburinka, da ba ka karya min ɗa ba.”

Onarabul ya rantse, ya maimaita, cewa yana komawa zai tashi ƙudurin, inshallah, khalas, an gama. A asibiti Anti Rahila ce ta naɗa min filasta, tana ta tsaki.

Komawa gida

Mun iso lafiya, ban da yatsu biyu. Mama ta fara zagin tela, sannan ta fashe da kuka. Godiya ga Allah da ya dawo da mu, ga Kawu Sale, ga Anti Rahila.

Kwantenar Onarabul ta iso. Ƙudurin yana kwamiti har yau. Hoton kuma yana manne a bangon kasuwarmu, Onarabul yana murmushi, ni bakina a wangame, an rubuta a ƙasa: Gatan Marasa Lafiya.