Baba Mai Kofi da Motar da Ta Daina Fizga

Tun kafin mai faci na maƙwabta ya tayar da injin iskarsa, Baba Mai Kofi ya riga ya share bakin gareji, ya jera sifanu a kan tsumma, ya ɗauraye kofinsa. Wani tsohon kofin gilashi ne mai ɗan tsagi a baki, kuma ba ya shan komai da shi. Akwai benci a garejin, amma shekara talatin da ɗoriya ba wanda zai rantse ya taɓa ganin Baba a kai. Ko dai yana ƙarƙashin mota, ko yana zagaye ta kamar kaza mai neman wurin ƙwai.

Aikinsa guda ne, gyaran giyar tsofaffin motoci, irin mai sauya kanta ba sai direba ya taɓa ba. In ya gama, sai ya cika kofin da ruwa, ya ɗora a kan dashbod, gaban direba, ya hau titi. In giya ta sauya ruwan ya zuba, aiki bai ƙare ba, ko da mai mota zai yi ta rantsuwa cewa ta yi. Wani direban tasi har yau yana ba da labarin yadda Baba ya riƙe masa makulli kwana biyu a kan ɗigo ɗaya. Mai faci kan tsokane shi, "Baba, gyaran mota kake ko tallan ruwa?" Shi kuma ya ce, "Kai dai ci gaba da sayar wa mutane iska."

Wata safiya wata matashiyar uwa ta shigo da tsohuwar motar da mahaifinta ya bar mata. An yi wa 'yarta mai shekara biyar aiki a ƙugu, likita ya ce a riƙa kai ta asibiti gashin ƙashi sau uku a mako, in aka yi sakaci ƙafar za ta ƙage. Ita kuwa motar, duk sanda za ta shiga giya ta biyu sai ta fizga kamar an bangaje ta daga baya, yarinya ta ƙwalla ƙara. Har ta kai da ta ji motsin makulli sai ta ƙanƙame ƙarfen gado. Motar haya ta fi wannan muni. Gashi biyu ya wuce ba a je ba, kuma gareji biyu sun ce sai an sauke giyar an jira a kawo wata giyar, mako uku. Ƙafa ba ta san jira ba.

"Baba, don Allah yau. Gobe da safe ne na uku."

"'Yata, zauna."

"Ba zan iya ba."

"To, mun zama biyu."

Bai taɓa sifana ba tukuna. Ya bar injin yana aiki har ya ɗau zafi, ya zaro sandar awon man giya, ya shinshina, ya goga a farar takarda.

"Wa ya ƙara miki mai?"

"Yayana. Ya ce ƙishi take ji."

"Da sassafe ya auna, tana sanyi, ko? Man giya sai ya ji zafi yake faɗin gaskiya. Ya ɗura mata har wuya, dubi kumfa. Ki gaida Yaya, ki ce ya tsaya a tuƙi."

Ya rage man, ya sauya matatar man, ya ɗora kofi ya fita. Uwar ta yi ta kai da komo a bakin titi, tana duba waya, tana kiran gida. Ya dawo dashbod a jiƙe.

"Ai daga nan na ji ta yi sauƙi, Baba. Ba ni makulli haka nan."

"Sauƙi a bayanki. A ƙugun jikata fa?"

Ya sake kwanciya a ƙasa. Ya bi wani siririn tiyo da yatsa, daga injin har jikin giya, sai ga tsagi bai kai faɗin farce ba. Ya ce wannan tiyon ne ke gaya wa giya irin nauyin da injin ya ɗauka. Da ya tsage, sai ta ɗauka kullum an take totur ne, shi ya sa take shiga da faɗa. Ya sa sabo. Sau huɗu ya fita ya dawo, kowane zuwa ya ɗan murza wani ƙaramin noti. A na biyar ya miƙa mata kofin ba magana. Ko bakin kofin bai jiƙe ba.

Washegari shi da kansa ya kai motar ƙofar gida. Yarinya ta ƙanƙame gado kamar kullum. Baba ya durƙusa.

"Jikalle, taimake ni. Hannuna ya tsufa, rawa yake. Riƙe mini kofin nan mu je. In ɗigo ya taɓa rigarki, ki kore ni daga aiki."

Ta riƙe da hannu biyu, ta ƙura wa ruwa ido, ta takure tana jiran bugu. Suna isa ƙofar asibiti ta ɗago.

"Kaka, yaushe za ta buge ni?"

"Ta tuba."

Wata huɗu ke nan, ba a sake tsallake gashi ba. Ashe maganar rawar hannu ba wasa ba ce. Yanzu kafin Baba ya kai kofin mota ya zubar da rabi, don haka ƙarshen watan nan zai rufe gareji.

Kai ne, Baba, wanda ba ya auna aiki da gamsuwar mai mota, sai da jin daɗin wanda ke kujerar baya. Kai ne ka hana uwa makullinta don ka fi ta tsoron kukan 'yarta. Tsohon hannu mai lallashin ƙarfe, mun gode, Allah Ya huta gajiya, Ya ba ka haƙurin zama a benci.

Ku kuma masu gyara, na mota ne ko na wani abu, kowa ya samo kofinsa, kada ya miƙa aiki sai ruwa ya tsaya.

Na Baba dai tuni ya bar wa jikalle. Jiya ta ɗauko shi cike za ta kai mota, ta jiƙa rigarta sharkaf. Uwar ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta fasa. Ai da gudu yarinyar ta zo, ba ko ɗingishi.