Kududdufin Malam Habibu

Ina kasuwar Ajingi ina taya buhun gyaɗa aka kira ni a waya, aka ce Malam Habibu, mijin ƙanwata Uwani, ya cika bayan azahar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na bar mai gyaɗa da ciniki a baki, na nemi motar Gaya.

Malamin kimiyya ne da ya yi ritaya, mutum mai sanyin magana. Da shanyewar ɓarin jiki ta kama Uwani, likita ya ce motsa ƙafa cikin ruwa zai taimake ta. Sai Malam ya fasa tsakar gidansa ya gina kwamin ninkaya, zurfinsa iya ƙirji. Gari ya sa masa suna kududdufin Malam, bai ko ɗaga kai ba. Kullum da safe yana tsugune a bakinsa, ya tsoma 'yar takardar gwaji yana jiran launi. Na ce masa, "Malam, ko amarya ba a lallaɓa ta haka." Ya ce, "Yaya, ruwa ba ya jin tsawa. Tambayarsa ake yi me ke damunsa." Haka yake da ɗalibai, haka yake da mu. Yana riƙe da gwiwar hannun Uwani cikin ruwan nan har ta koma tafiya da sanda.

Ranar da aka kai shi aka kashe injin tace ruwan, wai ƙara ba ta dace da gidan makoki ba. Tsofaffin mata suka ce mai takaba ba ta wasan ruwa. Mu maza muka baje a tabarma muna yabon halinsa, ruwansa yana can bayan katanga yana yin kore. Kafin a watse, gansakuka ta rufe shi, ƙafar Uwani ta sandare. Ta aiko aka kira ni. Ta ce, "Yaya, shi kun binne shi a kwance. Ni a zaune za ku binne ni?"

Na je wurin liman, ya ce takaba ba ta hana magani. Don in fita kunya da wuri, na juye kulorin, maganin tsabtace ruwa, bokiti guda da tsakar rana. Ruwa ya koma kamar kunun kanwa, warinsa na sa hawaye. Uwani ta dube shi daga kujerarta ta ce, "Tsawa ka yi masa."

Ita ta koya mini, da kalmomin mijinta. A bari rana ta cinye abin da na zabga, sannan a gwada. Ruwan burtsatsenmu ya karkata wajen kanwa, kulorin ba ya kama shi sai an sauko da shi da ɗan asid, kaɗan kaɗan. Kulorin kuma ba a zuba shi sai rana ta yi sanyi. Da furfurata na sunkuya na goge bangon kwamin, na ta da inji, na zuba alif datti ya kwanta, na zuƙe shi da tiyo.

Jiya da safe ruwa ya yi garau har na hangi ƙasan kwamin. 'Yarsu ta riƙe gwiwar hannun uwarta inda Malam yake riƙewa za ta shigar da ita ruwan, ni kuma na fita na ja ƙofa na tsaya gadi.

Allah ya jiƙan Malam Habibu, ya haskaka kabarinsa, ya shayar da shi daga Alkausara. Allah ya ba Uwani da 'ya'yanta haƙuri, ya miƙar da ƙafarta. Mu da ya bar wa amana, Allah ya yafe mana.