Kiɗan da Ya Busar da Garin Dawarmu

Har yau ina tambayar kaina, ina mijina Malam ya samo dabarar nan? A wajen kiɗa ya koya, ko Allah ne ya jefo masa ita a ranar? Ban tambaye shi ba, ga shi yanzu babu hali. Ni ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa, amma ranar nan ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Daminar farko ce bayan ruwan madatsar Tiga ya cinye ƙauyenmu, aka dawo da mu kusa da Bebeji. 'Yarmu ta fari ta zo gida ta haihu. Akwai 'yar ragowar dawa ta tsohuwar gonarmu, na ce da ita za a yi tuwon suna, don 'yan'uwan da suka warwatsu har Yako da Dangora su sake ɗanɗanar ƙasarsu.

Na surfa, na wanke, aka daka. Sai marka ta sauko, kwana biyu babu rana. Garin ya dunƙule, ya soma warin tsami. Na shimfiɗa zani a kan gadon kara, na zuba garwashi a ƙasa, na baza garin a kan zanin. Zafin ya huda wuri biyu ko uku kamar ramin tururuwa yana ficewa ta nan, sauran ya kwanta jiƙe kamar laka. Na zauna ina hawaye.

Mijina makaɗin gayya ne, amma tun da ruwa ya ci gonaki ya rataye gangarsa.

"Ke, hawaye za ki ƙara masa?" in ji shi. "Ai ruwan da ya sha ya ishe shi."

"Malam, ba lokacin wasa ba ne."

Ya tsuguna, ya ɗauki kara biyu, ya buga gefen gadon da ƙarfi. Wani garin ya watse ƙasa, sauran ya ƙara danƙarewa.

"Madalla, sarkin kiɗa," na ce, "kaji sun gode."

Ya yi dariya, ya sassauta hannu, yana bugawa ƙanana-ƙanana ba tsayawa. Wallahi da idona na ga curin yana farfashewa, ramukan suka toshe, garin ya soma motsi kamar kunu yana tafasa, tururi na tashi ta ko'ina. Ina zubawa faifai-faifai, yana kaɗawa, har la'asar.

Ranar suna wani dattijo ya kai loma ɗaya, ya ce, "Wannan dawar gida ce."

A ranar na gane abin da ya dunƙule ba ƙarfi yake so ba, lallashi yake so. Shi ya sa duk da kewarsa da ke sa ni kuka, raina a kwance yake.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ina riƙe da hannunsa, sai na ji yatsunsa suna kaɗa wannan kiɗan a tafina. Ya dube ni ya ce, "Kin tuna? A hankali, kada dai ki tsaya."